Malamin da Ya Ci Gaba da Yaji Shi Kaɗai

Mahaifina ya yi aiki a ma'aikatar gyaran hanya har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a bakinsa na fara jin kalmar sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. Da ladabi yake faɗar ta, kamar yana ambaton wani dattijon unguwa. A zamaninsu, in ji shi, uwar ƙungiya ɗaya ce a ƙasar nan, tun daga mai share ofis har direban babbar mota, kuma ranar da ta ce a ajiye aiki, ko wasiƙa ba ta motsawa daga Yamai zuwa Maraɗi. Ya sha ba mu labarin yadda ma'aikata da ɗalibai suka tsaya kai da fata har masu kaki suka yarda a zauna a yi magana. Ban san yawan gishirin da ya ƙara wa labarin ba, don tsoho ne mai son a saurare shi, amma na yarda da shi. Da wannan yardar na shiga ƙungiyar malamai a satin da na sa hannu a kwantiragin koyarwa a Dakoro.

Abin da na tarar bai yi kama da labarin Baba ba. Uwar ƙungiyarsu ta riga ta haihu, ƴaƴan ma sun hayayyafa. Duk wanda ya tsaya takara ya sha kaye sai ya kwashi mutanensa ya buɗe tasa, ya sa a sassaƙa masa hatimi, ya fara kiran kansa muryar ma'aikata. A makarantarmu kaɗai mu tara ne, ƙungiyoyi huɗu muke ciki, kuma kowace tana kiran sauran ƴan amshin shatan gwamnati. Na zaɓi wadda ta fi yawan mutane a garin, ina ganin yawa shi ne ƙarfi.

Sakatarenmu na reshen Dakoro cikakken ma'aikaci ne, ba ɗan kwantiragi irinmu ba, kuma an daɗe da sauke masa aji don ya ji da harkar ƙungiya. Rabonsa da alli har ya manta yadda yake ɓata hannu. Yana da murya, wannan kam ba a raba shi da ita, yana da jan ƙyalle da yake ratayawa a wuya ranar taro, yana da wata baƙar jakar fata da ba ya rabuwa da ita ko bayan gida zai shiga. A cikin jakar nan hatimin reshe yake kwana. Kowa kamarad ne a bakinsa, amma in za a yi taro, kamarad ƴan kwantiragi ne ke ɗauko bencina, shi kuma ya iso bayan an gama jerawa. Ni aka naɗa mataimakiyarsa, ba don an taɓa tambayar ra'ayina ba. Rubutuna yana da kyau, kuma ana bukatar mace a hoto.

Akwai wata doka da reshenmu yake taƙama da ita. An taɓa yin shekarar da rediyon gwamnati ya ba da sanarwa cewa an janye yajin aiki, malamai suka koma aji, daga baya aka gane ba wanda ya janye komai. Tun daga nan aka tsayar cewa ba a shiga yaji kuma ba a fita sai da takardar reshe mai hatimi. Malaman cikin gari da na kusa, irin su Sabon Maci da Birnin Lalle, ana miƙa musu hannu da hannu. Na nesa kuwa, waɗanda muke kira ƴan daji, ni nake rubuta tasu, Sakatare ya buga hatimi, a ba direbobin motocin kasuwa su ajiye a hannun mai shago ko mai gari. Duk taron da za a yi sai Sakatare ya maimaita dokar nan yana buga tebur.

"Ko kun ji muryata da kunnenku cikin rediyo ina cewa ku koma, kar ku koma. Sai kun ga takarda, kun ga hatimi."

Mu tafa, shi ya gyara jan ƙyallensa. Yawancinmu mun san magana ce ta taro. Waya ta riga ta shigo hannun kowa, kuma da an janye yaji a Yamai, kafin a idar da sallar la'asar labari ya gama gari. Takardar tana zuwa daga baya, a ninke ta a sa a kaye, wato littafin rubutu.

Mutum ɗaya ne na sani da ya ɗauki maganar da gaske. Malami ne ɗan kwantiragi, haifaffen wani ƙauye a yankin Kornaka, da aka tura can arewa, wata makaranta mai aji ɗaya na zana a gefen rijiyar da Fulani da Buzaye suke shayar da dabbobi. Shi ne darakta, shi ne malami, shi ne mai gadi. Babu rezo a wurin, waya ba ta kamawa, sai mutum ya yi tafiyar rabin yini ya hau wani tudun rairayi, nan ma sai an yi sa'a. Shekararsa bakwai a can. Matarsa da ƴaƴansa biyu suna wurin tsohuwarsa a ƙauye, kuma ban da kwantiragin nan ba shi da wani abin da ya dogara da shi, don gonar gidansu ta ƴan'uwa da yawa ce. Siriri ne, mai ƙaramar murya, rigunansa biyu muka sani. In ya sami zuwa taro, a bencin gaba yake zama da kaye yana rubuta abin da Sakatare ya faɗa. Ya haddace dokokin ƙungiya kaf, har in gardama ta tashi shi ake juyowa a tambaya, a kuma yi masa dariya bayan ya ba da amsa. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Shekarar da nake ba da labarinta, uwar ƙungiya ta kira yajin sai baba ta gani. Bukatar ɗaya ce, kuma ta gaskiya ce: waɗanda suka daɗe a kwantiragi a ɗauke su cikakkun ma'aikata, su daina zaman da sufeto zai iya sallamar su da takarda guda. Ni da malamin dajin nan duk muna cikin waɗanda abin ya shafa, tare aka ɗauke mu a shekara ɗaya. Na rubuta takardun shiga yaji, aka buga hatimi, motocin kasuwa suka tafi da su. Aka rufe makarantu.

Sai ka ga yajin ƴan gari. Wani ya buɗe teburin sayar da katin waya, wani ya koma kabu-kabu da babur ɗinsa, wasu kuma, har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya, da safe suna koyarwa a makarantar kuɗi, da yamma su zo majalisa suna zagin maciya amana. Sakatare ya yi ta hira da ƴan rediyon gari, yana kwatanta kansa da mazan jiya da suka tunkari soja. Haka muka kwashe kusan wata guda.

Ranar wata Talata da hantsi aka bugo daga Yamai cewa an daidaita, gwamnati ta yi alkawarin fitar da jerin sunaye, a koma aiki ranar Alhamis. Na zauna na rubuta takardun janye yaji na ƴan daji, guda ashirin da wani abu, har yatsana ya yi kanta. Da na kai gidan Sakatare don ya buga hatimi, matarsa ta ce ai tun da azahar ya bi mota zuwa Maraɗi. An gayyace shi taron bita na sati guda a wani otal, kan yadda ma'aikata da gwamnati za su fahimci juna. Jakar ta tafi tare da shi. Na buga masa waya, ina jin ƙarar cokula a bayansa, ya ce in daina wahalar da kaina, in kira su ɗaya bayan ɗaya, hatimi ai ana buga shi in ya dawo.

Na kira. Duk na same su, ko na sami wanda zai gaya musu, sai mutum ɗaya. Lambarsa na yi ta kira kwana biyu, matar nan ta cikin waya tana gaya mini ba a samun sa.

A nan nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɗora shi a kan kowa ba. Ranar kasuwa ta zo, motar da ke bi ta rijiyarsu tana tsaye a tasha tana lodin buhunan hatsi, takardarsa tana cikin jakata. Na ce a raina, mutumin nan na san shi, ba zai karɓi takarda babu hatimi ba, gara in jira sati mai zuwa. Na kuma ce, ai yana da rediyo kamar kowa, ya ji. Da na aika ta hakanan da ɗan rubutu a ƙasa cewa ni ce, hatimi yana Maraɗi, wataƙila da ya yarda, don ya san hannuna. Ban aika ba. Na koma ajina mai yara fiye da sittin da suka manta duk abin da na koya musu, sati ya zagayo, Sakatare ya dawo da sabuwar jakar taro a kan tsohuwar, ni kuwa na manta da takardar sam.

Kwana goma sha biyu bayan an koma, Sufeton makarantu ya fita rangadi arewa. Abin da ya faru a can na ji shi daga bakin direbansa, daga baya kuma daga bakin malamin da kansa, kuma labarinsu bai saɓa ba. Sun tarar da ajin zana a rufe da ƙaya, yara suna wajen dabbobi, malamin yana zaune a gindin aduwa yana ɗinke takalminsa. Ya tashi da sauri, ya shimfiɗa wa Sufeto tabarma, ya kawo ruwa. Da aka tambaye shi abin da ya hana karatu, ya ce yaji ake yi. Sufeto ya yi dariya, ya ce an janye tun sati biyu, ko bai ji ba? Malamin ya ce ya ji a rediyo. Duk ranar kasuwa kuma yana zuwa bakin hanya ya tari mota, direba ya ce babu saƙo.

Sufeto ya ce to ga shi ya zo da kansa ya gaya masa, ya tashi ya buɗe aji. Mai gari da mutanensa sun riga sun taru suna kallo.

"Ranka shi daɗe, ban ƙaryata ka ba," in ji malamin. "Amma ba kai ka sa ni ba, ba kai za ka hidda ni ba. In takarda ta zo yau, gobe da sahe ina aji."

Sau uku Sufeto ya ba shi umarni, sau uku ya ba da haƙuri ya ƙi. A gaban jama'a aka yi, don haka Sufeto ya koma mota ya rubuta rahoto cewa malamin ya ƙi aiki ba tare da wani yaji na halal ba. Ga ɗan kwantiragi, rahoto irin wannan sallama ce.

Sufeton ba mugu ba ne, gajiyayyen mutum ne mai ciwon baya da ke jiran ritaya. Ranar Litinin ya aiko a kira ni ofishinsa. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wauta mai tsabta irin wannan ba, kuma ba ya son ya raba mutum da abincinsa a kanta. Rahoton zai bi jakar ofis mai kai takardu zuwa Maraɗi ranar Alhamis da safe. In na kawo masa takarda daga reshe, da sa hannun Sakatare da hatimi, mai cewa ƙungiya ce ba ta isar wa malamin da sanarwar janyewa ba, zai cire rahoton ya yaga, ya rubuta gargaɗi kawai. Layi biyu sun isa, in ji shi. Na fito ina ganin an gama, don me ya fi layi biyu sauƙi?

Na sami Sakatare a ƙofar gidansa da ƴan majalisarsa, ana zuba shayi na biyu. Na ba shi labari tun daga farko, har da nawa sakacin. Ya saurara yana kaɗa kai kamar likita, sannan ya ce ni yarinya ce a harkar nan, ban ga tarkon ba. Gwamnati tana neman takarda a rubuce da za ta nuna cewa ƙungiya ba ta iya riƙe mutanenta, ta kai wa ƴan jarida. Ƴan majalisa suka ce ƙwarai, haka ne. Abin da bai faɗa ba, kuma kowa a tabarmar ya sani, shi ne saura ƴan makonni a yi zaɓen shugabannin jiha a Maraɗi, kuma yana neman kujera. Takardar da za ta nuna ya tafi otal da hatimi a jaka ranar da aka janye yaji, ita ce abokan takararsa za su yi ta karantawa a taro. Ya ce magana mai nauyi irin wannan ba ta mutum ɗaya ba ce, sai kwamitin reshe ya zauna. Ya sa Laraba da azahar, kwana ɗaya kafin jakar ofis ta tashi.

Na aika wa malamin da saƙo ta hannun wani mai babur, a wannan karon ban jira kowa ba. Ya iso ranar Laraba a saman motar awaki, rigarsa duk gashi. Tunda shi ba ɗan kwamiti ba ne, aka ce ya jira a waje, ya zauna a kan wani bulo a inuwar ajin da muke taro, ya ɗora kayensa a gwiwa.

Mu bakwai ne a ciki. Sakatare ya karanto ajanda: na farko, yadin ankon ranar ma'aikata. Na biyu, waɗanda za su riƙe tuta a fareti. Na uku, sauran abubuwa. Na ce a fara da maganar malamin, mutum yana zaune a waje. Ma'aji ya ce ajanda ba a juya ta sai da ƙuri'a, aka kaɗa, na faɗi ni kaɗai. Sai aka shiga yadi. Wani yana son shuɗi, wani ya ce shuɗi ai launin ƙungiyar da ta ɓalle daga jikinmu ne, wani ya kawo shawarar a buga hoton hannu riƙe da alli, aka yi gardama ko hannun dama ko na hagu. Manyan mutane masu iyali, masu furfura a gemu, suka kwashe fiye da awa guda a kan wannan, jijiyoyin wuya a tashe. Ta taga ina hango inuwar tana janyewa daga kan bulon, malamin yana jan bulon yana bin ta.

Ana cikin maganar tuta aka kira la'asar. Maza suka fita da butoci. Ni ranar ba na salla, sai na zauna. Ban taɓa ganin Sakatare ya bar jakar nan ba sai ranar. Ya ajiye ta a kan tebur, ya ce in kula da ita, ya fita. Takardar layi biyu tana cikin kayena, na riga na rubuta tun da safe. Sa hannunsa kuwa na iya shi, don na sha yi masa a takardun gayyata in yana jin ƙiwa. Babu kowa a ajin. Na kai hannu har na taɓa zip ɗin. Sai na tuna jerin sunayen da ake jira daga Yamai, da yadda reshe ne ke tabbatar da sunan kowa kafin a rufe, da irin abin da mutum mai neman kujera zai yi wa wadda ta buɗe masa jaka. Na janye hannuna na ɗora a cinya. Na gaya wa kaina cewa sata ce, kuma ni ba ɓarauniya ba ce. Ƙarya nake yi, tsoro ne kawai.

Da suka dawo aka ƙarasa tuta, aka zo sauran abubuwa rana tana shirin faɗuwa. Na yi bayani. Wani malami, wanda ya fi kowa tafi duk lokacin da aka ambaci dokar hatimi, ya ce gaskiya mai hankali in ya ji a rediyo ai sai ya koma, ba komai ake bi a zahiri ba. Wani ya ce zaman daji yana taɓa ƙwaƙwalwa. Na ce shi kaɗai ne a cikinmu ya yi abin da muka ce a yi, mu ne muka bar shi. Na ce in ana tsoron sunan Sakatare, a rubuta cewa laifina ne ni kaɗai, a dai buga hatimi. Sakatare ya dube ni da murmushin da ake yi wa yaro mai rigima.

"Madam, ki kwantar da hankalinki. Sandika ba ta kuskure bisa takarda. Mu yi mashi faɗa ta wata hanya."

Wata hanyar ita ce kwamitin mutum uku da zai bi diddigin lamarin. Aka zaɓe su, aka yi fatiha, aka tashi. Sakatare da kansa ya fita ya dafa kafaɗar malamin, ya ce masa ƙungiya tana alfahari da shi, shi ne abin koyi, ya koma ya kwantar da hankalinsa. Malamin ya yi godiya, har da ɗan rusunawa. Na ji kamar in tofa wa wani yawu, ban dai san wa zan fara da shi ba, don ni ma ina cikin layi.

Alhamis da sassafe na kai wa Sufeto wasiƙar da na rubuta da sunana, na faɗi duk yadda aka yi. Ya karanta har ƙarshe, ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma shi ma yana da na sama da shi, kuma mai gari da jama'a sun ga abin da ya faru. Wasiƙar malama ƴar kwantiragi ba za ta ɗauke rahoto ba. Ya ce zai haɗa ta da rahoton, ko Allah zai sa wani ya karanta. Ban sani ba ko an karanta. Bayan sati uku aka soke kwantiragin malamin.

Kwamitin mutum uku bai taɓa zama ba. Reshe ya fitar da sanarwa a rediyon gari yana Allah wadai da gallaza wa malamai, ba tare da ambaton kowa ba. Sakatare ya ci kujerarsa ta jiha. Aka yi faretin ranar ma'aikata cikin koren yadi, hannun dama ne ya yi nasara. Malamin ya koma ƙauyensu, na ji an ce yana kai harawa kasuwanni da amalanken wani ɗan'uwansa. Makarantar rijiya kuwa ta ƙarasa shekarar a rufe.

Bayan damina jerin sunayen ya fito, aka kira babban taro don a karanta. Ajin ya cika har taga. Ina jera takardu sai na gan shi a bencin gaba, inda ya saba zama, da kayensa. Ya ƙara ramewa, hannuwansa sun yi kaushi. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi yarana.

Sakatare ya yi jawabi na kusan awa guda. Ya taɓo tarihin ma'aikatan ƙasar nan tun zamanin Turawa, ya ce nasarar yau ta samu ne saboda ɗa'a da bin umarni, babu wanda ya karya layi. Da ya gama aka ba da damar magana, malamin ya ɗaga hannu. Ma'aji ya raɗa wa Sakatare wani abu, sannan ya miƙe ya ce, cikin girmamawa, dokar ƙungiya ta ce malamin da ke bakin aiki ne kaɗai mamba, kuma mamba ne kaɗai ke magana ko zama a babban taro. Mutum fiye da ɗari, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Malamin ya sauke hannunsa a hankali.

"Gaskiya ne, haka doka ta ce," in ji shi. "Ku gahwarce ni."

Ya ɗauki kayensa ya fita. Har yau ban san abin da ya so ya faɗa ba. Bai tafi ba, ya zagaya ya tsaya a bakin taga cikin waɗanda ba su sami wuri ba.

Karatun suna aikina ne. Sakatare ya miƙo mini takardar, ya sa yatsa a kan wani layi, ya ce a ƙasan murya in tsallake wannan. Na duba. An tsara jerin a Yamai tun kafin sallamar ta isa can, kuma sunan malamin yana ciki, lamba ta goma sha biyu, an ja masa layi da jan bik, an soke shi.

Na fara karantawa, lamba da suna. Duk wanda aka kira sai ya miƙe a tafa masa, mata su yi guɗa. Nawa sunan shi ne na tara, na karanta shi da bakina, aka tafa mini. Na goma, na goma sha ɗaya. Na ɗaga kai, yana nan a taga, ya riƙe ƙarfen da hannu ɗaya yana kallo na. Na mayar da idona kan takarda na ce, lamba ta goma sha uku.

Mai lambar ya miƙe yana dariya, aka tafa masa. Malamai ne cike da ajin, mutanen da ke dukan yara in sun yi tsallake a ƙidaya, amma babu wanda ya tambaye ni inda sha biyu ta shiga. Na karanta har ƙarshe ban sake ɗaga kai ba. Da na ɗaga, wani ne daban tsaye a tagar.